Neman Yafewar Matar Ɗan Mirya

Tun da muka dawo daga ƙasar Nijar ban huta ba. In na je shan shayi a bakin kasuwar Tudun Wada a nan Zariya a tambaye ni, in na je wurin aiki a unguwar Kongo a tambaye ni, har wanzamina ya taɓa tsayar da aska a kan maƙogwarona yana cewa, "To Malam Sule, da kuka shiga gidan sai aka yi yaya?" Garba, abokin tafiyata, ya riga ya baza labarin, kuma kullum sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna. Karatuna bai wuce firamare ba, aikina masinja, don haka kada a sa ran jin Hausar malamai. Inda na yi wauta zan faɗa, kuma na yi ta da yawa, Allah ya yafe mini.

Ga wanda bai san mu ba, mu 'yan kiɗa ne na bayan tashi daga aiki, muna wasa a bukukuwa da tarukan ɗalibai. Ni ke waƙa da kaɗa jita, Garba ke buga ganga. Waƙoƙin kuwa ba namu ba ne, na marigayi Ɗan Mirya ne, mawaƙin ƙasar Damagaram da ya ɗauko kiɗan gurmi na kakanninsa ya ɗora a kan jitar Turawa, yana waƙa yana hura wani ɗan abin busa da ya ɗaure a wuya. Faifansa ɗaya tak ya taɓa shigowa Zariya, ɗan ƙarami, wani direban babbar mota ya kawo. Mai gyaran rediyo na layinmu ya juye shi a kaset, daga baya aka manta faifan a rana ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Daga kaset ɗin nan duk Zariya ta san Ɗan Mirya: murya siririya can sama, kiɗa a guje, musamman waƙar da yake cewa Zara ta riƙe masa guga zai je kudu ya dawo. Da an saki wannan, ko tsohuwa sai ta ajiye sanda. Na yi shekaru ina matse maƙogwaro ina tura murya ta hanci har na ƙware, aka riƙa ce mini Ɗan Mirya na Tudun Wada. In mutum ya kira ni Sule sai in yi kamar ban ji ba.

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kuɗi suka cika gari, Alhaji Mudi ɗan kwangila ya ji mu a wani biki, ya ce zai saya mana jita mai lantarki da lasifika da ganguna irin na Legas. Amma Alhaji ɗan gidan malamai ne daga cikin birni. Da muka je godiya sai ya ce, "Waƙar mamaci haƙƙin mamaci ce. Ba zan zuba dukiyata ba in je lahira mutumin Nijar ya cafke mini riga. Ku nemi iyalinsa, su ji abin da kuke yi da kunnensu, su yafe da bakinsu. In sun yafe, kaya na nan. In ba su yafe ba, ku koma waƙar kanku."

Waƙar kanmu kuwa ko baiti ɗaya ba mu da shi.

Alhaji ya ce Garba ne shaida, don ɗan liman ne, ba ya ƙarya. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuwa Sule..." bai ƙarasa ba.

Muka tashi da safe, na sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da baƙin tabarau. Garba ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya rataya ƙaramar ganga. Daga Zariya zuwa Kano babu abin faɗa sai gudun direban Fijo, wanda ya sa Garba ya karance duk addu'ar da babansa ya koya masa. Daga Kano muka hau motar Daura, a nan aka fara.

Jitata ba ta da gida, saboda haka na naɗe ta da farin zanen gado don ƙura. Na shiga mota na ɗora ta a cinya, na ɗaure fuska irin yadda nake ganin ya dace da babban mawaƙi. Wani dattijo ya dube ni, ya dubi farin ƙunshin, ya ce, "Inna lillahi. Namiji ne ko mace?" Kafin in buɗe baki ya juya ga fasinjoji ya ce, "Jama'a a matsa wa bawan Allah, gida zai kai ɗansa." Nan da nan aka buɗe mini wuri har ina miƙe ƙafa. Wata mata ta miƙo mini goro tana share ido. Abin da ya kamata in yi kowa ya sani. Ban yi ba. Na sunkuyar da kai ina amsa gaisuwa, Garba na ta zungurina ina take masa ƙafa. Muna cikin haka, bayan Kazaure mota ta faɗa rami, mamaci ya ce ƙwarrang! da dukkan tsirkiyoyinsa.

Dattijon bai zage ni ba. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Maido wa baiwar Allah goronta." Sauran tafiyar a kan buhun albasa na yi ta, kusa da ƙofa.

A kan iyaka, bayan mun wuce jami'an Najeriya, muka iske wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, dogo siriri a ƙarƙashin rumfa. Ya fara mana da Faransanci, da ya ga mun yi zuru sai ya juya Hausa, Hausar da ta fi tamu tsabta. Ya zazzage jakata ya ciro wayar da na lanƙwasa da sifokin keke, wadda nake maƙala abin busa a wuya da ita, irin na marigayi. Ya juya ta ya kira ni da "Malam" na Faransanci ya ce, "Mushe, tarkon gafiya ne wannan?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Takardarka ta ce masinja." Na ce masinja da rana, amma ni mawaƙi ne, magajin Ɗan Mirya a ƙasar Zazzau. Ya gyara hula ya ce, "Ɗan Mirya namu? To kaɗa mu ji."

Na maƙala waya, na matse wuya, na saki waƙar Zara. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu, ya juya da sauri ya zagaya bayan rumfa. Ina hango kafaɗunsa suna rawa. Na ce da Garba, "Ka gani? Kuka yake. Na tuna masa da marigayi." Da ya dawo idonsa jawur, ya buga mana hatimi, ya ce da wata irin murya, "Gidansa za ku? Haka za ku yi musu?" Na ce in Allah ya so. Ya sake komawa bayan rumfa.

Daga nan hanya ta tsuke, motoci suka yi ƙaranci. Muka samu babbar mota, wadda su suke kira kamiyo, muka hau saman buhunan gero. Mutanen da muka tarar a sama suka yi ta tambayarmu labarin Najeriya. Wani ya ce an gaya masa a Kano yanzu ko mai tallar ruwa yana da rediyo. Wani ya ce wai gaskiya ne muna wanke ƙafa da kananzir? Na cika baki na ce ai abin ya fi haka. Can sai muka fara wuce ƙasusuwan shanu a gefen hanya, ragowar farin da aka yi, wani Bafillace da ke kusa da ni yana bin su da ido. Na janye takalmina mai tudu na cusa ƙarƙashin buhu, ban ƙara maganar arziki ba.

A Damagaram muka sauka a gidan Malam Haruna, mai saukar da fatake a kusa da tasha, mutum mai ƙiba da fara'a. Abincinsu na da ban mamaki. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, in ya kwana kana iya korar kare da shi. Shayi kuwa ba a kofi ake ba ka ba kamar na Tudun Wada, a ɗan mitsitsin gilashi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin shawara, kuma in ka sha na farko ka miƙe ka yi rashin kunya, dole ka jira na biyu da na uku. An kawo mana burabusko da miyar yakuwa, wannan kam ba laifi. Sai kuma cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda. Garba ya ga yara na ci ya gatsa da ƙarfinsa, haƙorinsa na gefe ya amsa, ya wuni riƙe da kunci.

Da Malam Haruna ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi murna. Ya ce, "Ai nan kowa mawaƙin Ɗan Mirya ne. Tela na yi, ɗan makaranta na yi, har limaminmu in ya manta kansa yana yi a bayan gida. Kowace Juma'a bayan la'asar ana taruwa a gidansa a Mirya, matarsa Inna Zara na zaune, duk mai jita ya zo ya gwada. Yi mini kaɗan mana, baƙona, in ji irin ta Zazzau."

Da na yi masa, da ya cece ni. Amma sai na gyara tabarau na ce, "Malam, muryar nan ba ta fita sai a gaban iyalinsa." Ya ce to madalla.

Washegari muna yawo a kasuwa muka ji wani baduku yana ɗinki yana waƙar Zara, a hankali, da murya can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Gaba kaɗan wani mai jaki, shi ma haka. Na ce da Garba, "Ji yadda suka kashe waƙa. 'Yan ƙasarsu ma ba su iya ba."

Garba ya ce, "Sule, ni fa abin nan ya fara damuna. Kowa a garin nan a hankali yake yin ta."

Na ce, "Yunwa ce. Fari ya cinye musu ƙarfi."

Wannan magana har yau in na tuna ta sai na yi istigfari.

Ran Juma'a Malam Haruna ya raka mu Mirya, ba nisa, gari mai lambuna da manyan kukoki. Gidan marigayi gidan ƙasa ne, tsakar gida mai faɗi, an shimfiɗa tabarmi, maza gefe mata gefe. Inna Zara 'yar gajeriyar tsohuwa ce, tana zaune a kan turmi da aka kifa, da faranti a cinya tana tsinke zogale. Jitar mijinta na rataye a ƙofar ɗaki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda suke jin kiɗa. A wurinmu in ana waƙa ana ihu ne, ana guɗa, ana liƙa wa mawaƙi kuɗi a goshi. Su kuwa zama suke yi tsit kamar ana karatu. Wani tela ya yi tasa, wani tsohon soja ya yi, duk a hankali, mata na jan gyale suna goge ido. Inna ba ta ɗaga kai daga zogalenta ba, sai dai in mutum ya gama ta ce, "Allah ya yi albarka."

Sannan Malam Haruna ya miƙe ya ce ga baƙi daga Najeriya, daga Zazzau, sun zo neman yafewa, ya faɗi sharaɗin Alhaji. Inna ta ɗago ta ce, "Har Zazzau? Sannunku da hanya, 'ya'yana. Bismilla."

Na maƙala waya a wuya. Garba ya raɗa mini, "Don Allah ka ɗan sassauta." Na ce, "Buga kawai." Na ja numfashi, na matse maƙogwaro, na afka.

Da farko ba wanda ya motsa. Kaji ne suka fara watsewa. Sai wata mata ta toshe baki da gyale ta ruga ɗaki. Tsohon sojan nan ya kifa kai a gwiwa. Ni kuwa na rufe ido ina ta zuba gudu, ina kiran Zara, Zara, ina hura abin busa, har sai da na ji ganga ta tsaya. Na buɗe ido na ga tsakar gida duk a kwance, Malam Haruna na dukan ƙasa da tafin hannu, Inna Zara ta zubar da zogale tana riƙe da ciki.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ɗana, tsaya. Wa ya biyo ka?"

Na ce, "Inna, haka marigayi yake yi."

"Wane marigayin?"

Ta sa ɗan ƙaninta, wani magidanci, ya ɗauko na'urar faifai mai batir da faifan marigayi, ɗan ƙarami, irin wanda ya zo Zariya sak. Ya ɗora allura. Sai ga wata murya ta fito, kakkaura, mai nauyi, tana tafiya kamar raƙumi da kaya. Kalmomin da na yi shekaru ina tsalle da su ne, amma yanzu na ji abin da ke cikinsu: mutum ne zai bar gida a shekarar yunwa, yana sallama da matarsa a bakin rijiya, bai san ko zai dawo ba. Ga kuma Zarar zaune a gabana a kan turmi. Na cire tabarau.

Garba ya matso ya ce, "Sule, dubi inda ya sa maɓallin gudu."

A Zariya duk wanda ya taɓa riƙe faifai ya san ƙa'ida: babban faifai a sa shi a talatin da uku, ƙarami a arba'in da biyar. Ba a tambaya, ba a dubawa. Wannan kuwa ƙarami ne, amma magidancin ya ce waɗanda suka buga shi sun so su cusa waƙoƙi da yawa a ciki, don haka suka yi shi a kan gudun babba. Mai gyaran rediyon layinmu ya ga ƙarami ya bi ƙa'ida. Garba, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam, ɗan tura shi gaba mu ji." Magidancin ya tura maɓalli. Sai ga muryata ta fito daga cikin akwatin, tsaf, ba ragi ba ƙari. Waɗanda suka fara tashi zaune suka sake zubewa.

Na ga jita mai lantarki na tafiya ta bar ni. Na durƙusa na ce, "Inna, a ba ni dama in yi ta yadda take." Ta ce bismilla. Na sassauta hannu, na nemi murya a ƙasa, babu. Shekarun da na yi ina matse ta sun kore ta sama, ta ƙi saukowa. Abin da ya fito ya fi kama da ƙofar langa-langa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa, kada ka ji wa kanka ciwo."

Ta sunkuya tana tsince zogalenta daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ni ina durƙushe, gwiwata na zafi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Waccan ta gudun, a ina kuke yin ta?"

Na ce, "A bukukuwa, Inna."

"Bikin aure?"

"Da na suna."

"Ana rawa?"

Na sunkuyar da kai don kunya. Garba ya ce, "Ana yi, Inna. Har tsofaffi. In ba a yi ta Zara ba, ba a tashi."

Ta ajiye farantin. Ta ce, "Kun san mutumin nan har ya koma ga Allah ba a taɓa gayyatarsa biki ba? Masu kalangu ake kira. Shi sai in an yi rashi, ko ruwa ya ƙi sauka, sannan a tuna da shi. Ran bikin 'yar ƙanwarsa ya wanke riga ya gyara tsirkiya, aka aiko aka ce don Allah ya bar jitar a gida, kada ya sa amarya kuka. Ya dawo ya zauna a nan inda kake, bai ci tuwo ba." Ta dubi su tela da tsohon soja ta ce, "Waɗannan kuma kowace Juma'a sai sun zo sun sa ni kuka, ga shi ba wanda ya kama ƙafarsa. Allah dai ya yi musu albarka."

Tela ya ce, "Haba Inna."

Ta ce, "Yi shiru, Isufu, kai ka fi kowa ja." Sannan ta juyo gare ni. "Ka gaya wa Alhajinku na yafe, duniya da lahira. Ku yi ta yi, a yi ta rawa. Amma abu ɗaya. Duk inda za ka yi ta, kafin ka fara, ka gaya wa mutane wannan muryarka ce, ba tasa ba. Kada mutanen Zazzau su ce na auri sauro."

Na ce na ɗauka. Ta ce Garba ya zama shaida, ya ce ai aikin da ya kawo shi ke nan. Kafin mu tafi ta sa muka sake yin ta tun daga farko, a guje, ta kuma sa matan gidan suka tashi. Ita ba ta tashi ba, amma na ga ƙafarta.

Dawowa ba mu sha wahala ba, sai dai na ƙi naɗe jita da farin zane. Muna isa Tudun Wada muka wuce gidan Alhaji Mudi. Na so in taƙaita, in ce an yafe kawai. Alhaji ya ce, "Ba kai na tambaya ba." Garba ya kwashe komai ya faɗa, tun daga goron baiwar Allah har zuwa maɓalli, a gaban duk masu zaman zaure. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya cika alkawari. Kaya sun zo, suna nan, lasifikar har unguwar Gyallesu ake jin ta.

Ni ma ina cika nawa. Duk bikin da muka je, kafin Garba ya taɓa ganga, sai in kama makirfo in ce, "Jama'a, muryar da za ku ji tawa ce. Mijin Inna Zara ba sauro ba ne." Ranar farko wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "To wane ne sauron?" Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce mini Ɗan Mirya na Tudun Wada. Sule Sauro ake kirana, a ofis da kasuwa da ƙofar masallaci, kuma ina amsawa.